Ni Ce Matar da Ta Fasa Rumbun

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni baki bai ba ni alƙalami ba, ban kuma taɓa kai masa ƙorafi a kan haka ba. Autata Hajara ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ja mata kunne: in ta gyara mini magana ta mai da ita irin ta masu karanta labarai a rediyo, takardun nan murhu za su ci. Ku 'ya'yana da jikokina nake yi wa wannan. Ba zan ɓata muku lokaci da inda aka yanke mini cibi ba, kun sani a Kabo ne, gidan masu shanu da suka jingine sanda suka ɗauki fartanya. Kun san kuma daga can aka kawo ni gidan babanku, a ƙauyenmu na yankin Jama'a a ƙasar Gwarzo. Shekara ɗaya tak nake so mu zauna a kanta, don ita ce aka sace mini.

Abin da ya tayar da maganar shi ne bikin Zainabu, 'yar yayanku babba, ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba, a takarda ma ba zai kama ba. An kai ta Sabon Birni. Ranar buɗar kai bayan la'asar muna zaune a tsakar gidan ango, mata maƙil, an ajiye mini alkaki a faranti, sai gwaggon ango ta gyara zama za ta yi wa amarya nasiha. Wata Hajiya ce mai haƙorin Makka, irin masu magana suna duba ko ana kallon zobensu.

Ta ce, "Amarya, buɗe kunnenki. Abin da miji ya rufe, kada hannunki ya buɗe. Kin taɓa jin labarin Fasa-rumbu? Wata mata ce can zamanin da, a ƙasar nan tamu. Mijinta ya tafi cin rani, kwaɗayin zanen yayi ya kama ta. Ta bari sawu ya ɗauke, ta hau rumbunsa da goyo a bayanta, ta kwashe hatsin kaf ta sayar. Da ya dawo ya leƙa, babu komai sai toka. Ya sake ta, ta haukace, a kasuwar Gwarzo ta mutu tana tsintar tsaba a ƙasa."

Mata suka ɗauka, "Allah ya kiyaye! Allah ya raba mu da kwaɗayi!"

Na ajiye alkakin da ke hannuna na ce, "Hajiya, ke kika yi mata wanka da ta mutu?"

Ta ce, "A'a Iya, ai labari ne, mu ma a bakin manya muka ji."

Na ce, "To ga gawar nan zaune tana cin alkakinku."

Na buɗe baki zan zuba, sai na ji ana jan gefen zanena. Wannan Autar ce da ke rubutu yanzu tana sunkuyar da kai. Ta ce, "Inna don Allah, gidan surukai ne." Yayarta kuwa ta miƙe tana murmushi tana cewa mutane, "Ku yi haƙuri, tsufa ne." Tsufa! Ni da nake iya jero muku sunan kowace saniya da ubana ya taɓa tatsa, ni ce tsufa ya ruɗa? Haka aka tallabo ni aka sa a mota kamar buhun da ya yage.

Wallahi ƙaryar ba ta ƙona mini rai kamar yadda rashin iya ƙagarta ya ƙona ba. Ni fa a unguwarmu in na fara ba da labari wajen ɓarar gyaɗa, yara sukan manta da wasa, manya su manta tuwo na kan wuta. Na san yadda ake ɗinka magana ba a ga zare ba. Wace mace ce za ta hau tsani a cikin duhu da goyo a baya? Hatsin rumbu guda a kai za ta ɗauka, ko aljanu ta yi haya? In ta sayar da hatsin, tokar daga ina ta zo? Labari duk ɓaraka, amma ya yi tafiya har Sabon Birni, ya riga ni shiga gidan jikata. To ku zauna ku ji yadda aka yi.

Daminar da ta gabaci shekarar ba ta yi kyau ba. Babanku da wansa, Baffanku Ɗanjuma, sun riga sun raba gandu bayan rasuwar mahaifinsu, kowa da gonarsa da rumbunsa, amma gida ɗaya muke. Da mu kuma akwai ƙanwarsu, Gwaggonku Asabe, aurenta ya mutu ta dawo gida, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Da kaka ta wuce babanku ya zuba abin da ya samu a babban rumbun ƙasa, dawa a ƙasa, damman geron iri a sama, ya liƙe bakin da laka, ya kifa jinka. Ya auna mana abin da za mu ci da rani, ni da yaro, ya tafi Kurmi, can kudu, neman aikin ƙarfi, ya ce kafin ruwan fari yana gida. Ku na yanzu da kuke sayen shinkafa a leda ba ku san dokar rumbu ba. Babban rumbu na damina ne, ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka, kuma hannun da ya liƙe shi ne ke buɗewa. Mace ko leƙawa ba ta yi. Wai in ta ga cikin rumbun miji ta ga cikinsa, raini ya shigo, albarka ta fita.

Ruwan fari ya sauka, babu babanku. Aka sake yin wani mai ƙarfi, gari ya watse gona, babu shi babu saƙonsa. Geron mutane ya huda ƙasa ya fara kunnen kusu, tamu gonar tana kwance fayau, kuma a bakin hanyar rijiya take, duk mai tulu sai ta gan ta. Wata ma ta ce da ni, "Dije, gonarku azumi take yi ne?" Na yi dariya da baki kawai. Da na ga abin ba na ƙare ba ne na je na durƙusa a ƙofar Baffanku.

Na ce, "Yaya, gero ba ya jiran matafiyi. A taimaka a buɗe rumbu a fitar da iri."

Ya ce, "Ni in fasa rumbun ƙanena ba ya nan? Gobe a ce na ci amanarsa? Yana hanya, ki ƙara haƙuri."

Na ce, "To a ranta mana iri."

Ya ce, "Nawa ko gonata bai rufe ba, ke shaida ce."

Gaskiya ya faɗa, ban ƙulla masa ba. Na ce, "To ka yi mini izini ni in buɗe."

Sai ya yi dariya, irin wadda ake yi wa yaro in ya ce zai ɗauki jaki. Asabe tana gefe tana tankaɗe, ta ce, "'Yar masu shanu, me kika sani game da gero ban da furarsa?"

Na ƙara haƙurin, har aka sake yin ruwa. Washegari da hantsi, ku rubuta wannan da kyau, da hantsi, rana tana kan kowa, na shimfiɗa wa yaro tabarma a inuwa, don an yaye shi, ƙafarsa ta yi ƙwari, babu wani goyo. Na jingina tsani, na ci ɗamara da gyalena, na ɗauki taɓarya na hau. Na ture jinka, na daki lakar nan har ta tsage. Asabe ta yar da rariya ta fita ƙofar gida tana kururuwa, "Jama'a ku zo ku ga abin da ido bai taɓa gani ba!" Suka kuwa zo, har da masu leƙe ta kan danga. Na zura jiki na fito da damman iri, su kaɗai, ko zangarniyar dawa ɗaya ban taɓa ba. Na sussuke, na sheƙe, na ɗauki sungumi. Babu namijin da ya yarda ya yi mini saran shuka, kowa yana tsoron a ce da hannunsa. Ni na sara, ni na dawo na zuba, ni na rufe da diddige. Layukana sun karkace kamar sawun maciji, masu wucewa suna dariya. Yayanku yana bina a baya tsirara, duk ramin da na rufe sai ya sake taka shi da 'yar ƙafarsa, wai shi ma aiki yake.

Akwai abu ɗaya da ya faru da gaske, kuma ba na ɓoye shi, ba na kuma neman afuwar kowa a kansa. Ban iya liƙe rumbu ba. Wa ya taɓa koya mini, tunda ko leƙawa an hana ni? Na rufe bakin da faifai da tsohuwar tabarma, na mai da jinka a karkace. Hadari ya zo da iska ya ɗage ta, ruwa ya shiga, dawar sama ta jiƙe ta ruɓe. Maza nawa ne a gidan da unguwar da suka ga jinkar nan a karkace? Ko ɗaya bai miƙa hannu ya gyara ba. Wannan ɗan ruɓin shi ne tokar da Hajiya mai haƙorin Makka take ba mutane.

Gero ya kai gwiwa, na fara noman fari, sannan babanku ya dawo. Ashe ciwo ne ya kwantar da shi a can, ya rame har sai an duba kafin a gane shi. To a nan aka yi mini sakiyar da babu ruwa. Asabe ta ji labarin an gan shi, ta tare shi tun a bakin gari, ta rako shi ta hanyar masallaci, ba ta hanyar rijiya ba. Bai ga gona ba. Kafin ƙafarsa ta taka zaure, kunnensa ya cika. Na kawo masa ruwa bai karɓa ba, ya wuce wajen rumbu, wari ya tare shi.

Ya ce, "Ke kika hau?"

Na ce, "Ni ce."

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kin ga ciki?"

Na ce, "Na gani."

Ya ce, "Je ki Kabo, sai na neme ki."

Yau zan faɗi abin da na gani, tunda wanda zai ji kunya ƙasa ta rufe masa ido, Allah ya jiƙansa. Rumbun ko rabi bai kai ba. Ya bar mutanen gari suna zaton a cike yake, shi ya sa ya tafi nesa neman abin cikawa. Ba ruɓin dawa ne ya ƙona shi ba, idona ne. Na gane haka a take, na kuma rufe bakina. Ni mai bakin da ke tsayar da tafiya, ban ce masa ko "zo mu je ka ga gona" ba. Girman kai ya ce da ni, bari gero ya yi magana, ai kowa zai gani.

Na ɗaure 'yan tsummokarana. Yaro ya riƙe mini zane, sai Asabe ta sunkuya ta ɗauke shi ta ce, "Yaro dai namu ne, ai an yaye shi." Ku gaya mini me zan ce. Ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna tana so ko ba ta so. In na ce a ba ni shi, har Kabo sai an ji cewa Dije ba ta da kunya, ta yi rigima a kan ɗan fari a gaban dangin miji. Na ɗora ƙunshina a kai na fita.

Geron nan ya yi. Layuka a karkace, amma zangarniya kamar damtsen ƙato. Shi aka ci a gidan har wata daminar, har da mai tambayar me na sani ban da fura. Bayan an yi girbi aka zo biko. Da na dawo babanku bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba, cewa ya yi, "Abin da ya wuce kada in ƙara jin sa a bakin kowa." Na riƙe. Namiji ne mai nauyin baki, amma daga shekarar har ya bar duniya, duk ranar buɗe rumbu sai ya ce, "Dije, zo ki riƙe mini tsani." Ban-haƙurinsa ke nan, na kuma karɓa. Sai dai umarninsa bakina kaɗai ya ɗaure. Asabe ba ta ji an hana ta ba. Yaro kuma ya zauna a ɗakinta, da ta sake aure a cikin garin Gwarzo ta tafi da shi riƙo, kuma uwa ba ta bin sawun ɗan fari. A hannunta ya girma, da nononta na magana.

Kuma in za a yi adalci, Asabe ba ta kashe ni a kasuwa ba. Ita dai cewa take na fasa rumbu, hatsi ya ruɓe, an kore ni. A nan take tsayawa, ba ta kaiwa ga gona. Sauran kuwa duk bakin da labarin ya kwana sai ya ƙara masa gishiri: wannan ta sa zane, waccan ta sa duhu, wata ta sa hauka. Sunana ya faɗi a hanya, Fasa-rumbu ta ci gaba da tafiya ita kaɗai. Ni kuwa ina nan ina ba 'ya'yan mutane labarin kura da 'yar sarki, nawa yana yawo tsirara. Geron da na ce zai yi magana an cinye shi kafin wata kakar. Labarin Asabe har yau ba a cinye shi ba. Babanku ya tafi, Baffa ya tafi, Asabe ta tafi, masu leƙe ta kan danga duk sun tafi. Sai ni da ƙaryar muka rage.

Bayan biki ya watse sai ga yayanku ya zo daga Gwarzo, gemu fari fat, ya zauna a bakin ƙofar ɗakina ya ba ni gefe, yadda ya saba. Ni da shi ba ma magana kai tsaye, sai an sa wani a tsakiya. Auta ce a tsakiyar.

Ya ce, "Auta, gaya wa Inna abin da aka yi a gidan mutane bai yi kyau ba. Yarinya ce za ta zauna da su."

Na ce, "Gaya masa an binne ni a gaban 'yarsa, shi ne na yi tari."

Ya ce, "Gaya mata abu ya wuce shekara da shekaru, a bar shi."

Na ce, "Tambaye shi a wajen wa ya wuce? Ni dai shekaranjiya na mutu."

Auta tana juya kai kamar mai kallon dambe. Shi kuwa yana wasa da carbi. Can sai ya ce, ba da muryar da ya shigo da ita ba, "Ni rumbu bai taɓa damuna ba. Gwaggo ta ce ranar da Inna za ta tafi ina kuka ina miƙa hannu, ko waiwayowa ba ta yi ba."

Jama'a, ku ji mini mutum! Ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, ya je Makka, ashe abin da yake ɗauke da shi ke nan, bai taɓa buɗe baki ya tambaya ba. Gadon nauyin baki har da riba. Ban san lokacin da na ture Auta daga tsakiya na juyo na dube shi ba.

Na ce, "Kai! Gaskiya ta faɗa maka, ban waiwayo ba. A gaban ubanka da Baffanka zan waiwayi ɗan fari? Amma ta gaya maka inda na tsaya? Ba ta sani ba. Ɗorawar nan ta bayan gari, ta hanyar rafi, a bayanta na zauna. Ina jin kukanka tun daga cikin gida, na cusa gyale a baki don kada a ji nawa. Ban tashi ba sai da na ji ka yi shiru. Shi ya sa ban shiga Kabo ba sai da aka ɗaure shanu."

Bai ɗago ba. Idonsa a kan tabarma ya ce, "An sare ɗorawar."

Na ce, "Na sani. Duk shaiduna haka suke yi mini."

Sai ya yi wata 'yar dariya, ya share fuska da hannun riga kamar gumi ne ya dame shi, ya ce, "Auta, nemo takarda. Duk abin da ta faɗa ki rubuta, daga tsani har ɗorawa. A kai wa Zainabu nata."

To kun ji dalilin wannan zama. Sunan kuwa ba na so a goge shi, na karɓa, nawa ne. Ku kira ni Fasa-rumbu, amma wanda zai faɗa ya faɗa har ƙarshe: da hantsi ne, iri ne, kuma an ci geron. Wanda ya tsaya a ruɓin dawa bai kai gona ba, ban yafe masa gajartawar ba. Ba zan rufe da ƙurunƙus ba, wannan na tatsuniya ne, mai wannan labarin tana nan da ranta, da sauran haƙoranta na cin alkaki.

Ranar nan da yayanku ya tashi tafiya ya sa takalmi, ya yi wa Auta sallama, ya nufi zaure. Ni na jawo faifan wake ina tsincewa, don ba a raka ɗan fari. Ya kai bakin zaure sai ya tsaya, ya waiwayo. Na so in mai da ido kan wake yadda aka koya mini. Sai na ce a raina, ke Dije, wa ya rage da za ki ji kunyarsa? Na bar shi ya ga ina kallonsa har ya fita.